Mai Busa Ƙaho da Leɓunansa

Akwai wani mutum, mai tsaro ne a wani ƙauye a gindin dutse. Rafin ƙauyen mugu ne. Ana iya yin ruwa can nesa bayan duwatsu, a nan rana na ƙwallewa, sai kawai ruwa ya gangaro ya cika rafin. Aikin mutumin ɗaya ne tak: ya zauna bisa dutse, in ya hango ruwa ya busa ƙaho, masu wanki su gudu.

Ana nan sai rana da iska suka busar masa da leɓuna. Ya lasa, ya ji sanyi. Yawun ya bushe, leɓunan suka ƙara tsagewa, ya sāke lasa. Kafin a jima sun kumbura, sun yi ja, gefen bakin ya dare yana fid da ruwa.

Mahaifiyarsa, Liyatu, ta kama haɓarsa ta duba. Ta ce, "Kai, ɗan nan! Lasar nan ce ke cinye maka baki. Ga man kaɗanya, ka shafa, ka hana harshenka yawo. Ka kuma faɗa wa dattawa su sa wani a dutsen har ka warke."

Ya ce, "To, Mama."

To ɗin nan a baki ta tsaya. Man bai ba shi sanyi nan take ba, harshe kuwa yana bayarwa. Kunya kuma ta hana shi zuwa wurin dattawa. Sai ya naɗe bakinsa da ƙyalle, yana lasa a ɓoye. Mahaifiyarsa na tambaya, yana cewa da sauƙi.

Wata rana da tsakar rana, sama fes, sai tsuntsaye suka yi tsit. Wata iska mai sanyi ta biyo rafin, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya duba, ga ruwa can tafe, ja wur, yana tura itatuwa a gabansa.

Ya fizge ƙyallen, ɓawon ciwon ya biyo shi. Ya kafa ƙaho a baki. Leɓunan suka ƙi haɗuwa. Ya busa, iska kawai ta fita, fuuu. Ya sāke, jini ya gangara cikin ƙahon. Ya yi ihu, amma dutsen da nisa, muryar ba ta kai ba.

A ƙasa mata masu wanki suka ji wani gurnani, suka kwashi kaya suka haye gaɓa, ban da mahaifiyarsa. Suna kira, "Mama Liyatu, taso!" Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi dutsen. Ta ce, "Ku dai akwai tsoro. Da ruwa ne, da ɗana ya busa." Ta sunkuya ta ci gaba da wankinta.

Ɗan nata yana tsaye bisa dutse yana kallo, da ƙaho a hannu, har ruwan ya iso.

Ma'anar wannan misali ita ce: lasar leɓe ita ce ƙaramin zunubin nan da ke ba mu sanyi na ɗan lokaci, yana kuwa ƙara ciwon. Man kaɗanya shi ne tuba, ba ya daɗi nan take, amma shi ke warkarwa. Ƙyallen kuwa shi ne "lafiya lau" da muke faɗa a bakin coci.

Ya ƙaunatattu, abin nan yana ba ni tsoro ƙwarai. Kada ka ce ciwonka ne kai kaɗai. Allah ya ɗora kowannenmu bisa wani dutse, akwai kuma wanda yake ƙasa, ya amince da kai. In ka yi shiru, zai ɗauka lafiya ce.