Rijiyar da Baba Anaruwa Ya Kasa Faɗa

Ku matso ku ji, sannan ku raba mana gardama.

A wani ƙauye an yi wani tsohon mahaƙin rijiya, Baba Anaruwa, mai 'ya'ya uku: Tabawa, Shekarau da Jatau. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta ɗauke. A ranin shekarar nan rijiyar garin ta rufta, aka haƙa uku ba a tarar da ruwa ba, mutane suka fara shirin ƙaura.

Kowa ya ɗauka hankalin tsohon ya tafi tare da bakinsa, har a gabansa ake maganarsa kamar ba ya nan. Tabawa ce ta lura duk sanda aka ambaci ƙaura sai ya bugi tabarma da hannunsa mai lafiya. Ta jera masa ludayi, ƙwarya da guga, ta ce, "Baba, nuna mini guga." Ya nuna. Ta ce, "Ka san inda wani ruwa yake?" Ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu gabas, yana hawaye. Amma dajin gabas faɗi gare shi.

Shekarau ya taɓa bin ubansu wajen haƙar rijiya. Ran nan yana yi masa aski yana rera waƙar da suke yi a cikin rami, sai ya ji tsohon ya amsa, kalmomi na fita tiryan-tiryan. Ya ajiye askar, ya saka tambayarsa cikin waƙar. Uban ya rera masa cewa akwai tsohuwar rijiya da yashi ya binne, taki bakwai daga gindin kuka. Aka bazu dajin, babu kuka ko ɗaya.

Jatau ba mai yawan magana ba ne, amma ya daɗe yana sauraro. Ya lura ko a cikin waƙa, in Baba na son koko sai ya ce fura, akuya kuma ya ce tunkiya. Ya ce wa 'yan'uwansa, "Ba ya kuskure da nisa. In kalma ta ɓace masa, 'yar'uwarta yake kamowa." Ya tsinko ganyen tsamiya, gawo, marke da kanya. Tsohon ya damƙi na kanya. Don a tabbatar da yawan takin, aka ƙirga masa yatsu, bai tsayar ba sai a tara.

Kanya ɗaya ce tal a dajin. Taki tara daga gindinta aka ci karo da bakin rijiya. Kwana shida ana yashewa, ruwa ya ɓulɓulo, masu ƙaura suka kwance kaya. Aka kawo wa Baba Anaruwa ƙwaryar farko, ya sha, ya ce, "Ruwa," ba tare da waƙa ba.

To jama'a, dagaci ya ba da saniya ɗaya tukuici. Tsakanin Tabawa, Shekarau da Jatau, wa ya kamata ya riƙe igiyarta?