Tankar Sajan Mai Ƙyalli

Akwai wani mutum mai ƙera motocin wasa da gwangwani, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki. Kullum yana cewa, "Ni da tankar yaƙi kamar uwa da ɗanta ne. A cikinta na yi furfura." Mutanen coci suka sa masa suna Sajan, alhali ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba.

A cocin akwai wata gwauruwa, Rahila, wadda mijinta soja ya mutu a cikin tanka a fagen daga, ba a kawo mata ko takalminsa ba. Da ta tambayi Sajan ko ya san shi, sai ƙarya ta jawo ƙanwarta. Ya ce, "Ai tankarmu ɗaya. A hannuna ya cika, bai sha wuya ba, sunanki ne a bakinsa." A ransa taimako ya yi. Ita kuwa da wannan magana take samun barci.

Da ranar tunawa da sojoji ta matso, ta roƙe shi ya ƙera mata 'yar tankar mijinta, da kalarta daidai, don 'ya'yanta su gani. Ƙirar ba ta ba shi wuya ba, a fenti ne ido ya raina fata. Ya je kasuwa ya zaɓo kore shar irin na ƙofar shago, ya ɗiɗɗiga baƙi da ja, ya bi da man ƙyalli, don a wurin mai kayan wasa abin da ba ya walƙiya bai kammalu ba.

Ranar taro aka ɗora ta kan tebur a gaban jama'a, tana ɗaukar ido. Wani tsohon kofur mai ƙafa ɗaya, Istifanus, ya dogara sanda ya matso. Ya ce, "Sajan, wannan ta kai amarya ce? Can fa rairayi ne da ƙaya. Kalar ƙasa muke shafawa, har laka muke yaɓawa kada rana ta tona mu. Wace bataliya ma ka ce?"

Sajan ya shiga gyara wa tankar zama a kan tebur.

Rahila ba ta dubi tankar ba, shi ta duba. A hankali ta ce, "To Baba, ashe ba wanda ya riƙe mijina?"



'Yan'uwa, ma'anar misalin ita ce wannan. Fentin nan shaidar bakinmu ce. Wanda bai shiga wuta ba ƙyalli yake shafa mata, wanda ya shiga kuwa kallo ɗaya ya ishe shi. Kunyar Sajan mai wucewa ce, gobe ma za a saya masa shayi a yi dariya. Amma mijin Rahila ya sake mutuwa a ranar, wannan karon shi kaɗai. Kada ka ta'azantar da mai makoki da abin da ba ka gani ba. In ba ka da gaskiyar faɗa, zauna kusa da shi, ka kama bakinka, ka bar wa Ubangiji sauran.