Shayin Bokwit da Idon Mai Shadda

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Kantin Kwari, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa suna sahu ɗaya da mu. Allah ya ba shi ido. Daga bakin layi zai hangi shadda ya ce wannan za ta zuba a wankin farko, kuma haka za a yi. Manyan dillalai ba sa sayen kaya sai ya duba. Ni da ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ba a haifi ɗan bokon da zai cuce ni a ciniki ba, ko ni na sallama masa. Da idon nan ya ci, da shi ya aurar da 'ya'ya.

Yana da ciwon suga, yana shan ƙwayar asibiti. Ga tsayuwar kasuwa ta kumbura masa ƙafafu. Sai ya je Sabon Gari wurin wata mai sayar da kayan shayi, Adaeze, ta ba shi wani hatsin ƙasar Sin da ake ce wa bokwit.

Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wannan ƙwayar hatsi. 'Yar mitsitsiya ce mai kusurwa uku, kamar da hannu aka sassaƙa ta. In aka gasa aka zuba mata ruwan zafi, ƙamshinta har maƙwabta. Masu sha suna cewa tana taimakon ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi zaren ɗinki siranta.

Adaeze ta ce, "Alhaji, wannan mataimaki ne kawai. Kar ka bar ƙwayarka."

Ya ce, "Madam, ke likita ce ko mai shayi?"

Ta ce, "Mai shayi ce. Shi ya sa na ce ka riƙe likitanka."

Allah da ikonsa, kumburin ya sauka. Maimakon ya yi hamdala ya ja bakinsa, sai duk wanda ya shigo shago ya naɗe wando ya nuna masa ƙauri. Daga maganar ƙafa ya koma wallahi shayin yana maganin suga, wallahi yana maganin komai. Wa ya gaya masa? Babu. Daɗin taron da ake yi masa ne.

Rannan bayan la'asar maƙwabcin shagonsa, Abdulhafiz, ya tsokane shi: "Alhaji, in maganin komai ne, me ke kacau-kacau a aljihunka?"

Aka bushe da dariya. Da ya taya su, da an wuce wurin. Amma girman kai ya hana. Ya zaro robar ƙwayar, ya juye a kwata, ya rantse shi da ita har abada.

Matarsa ta roƙe shi har da hawaye, ya ce ya riga ya rantse a gaban maza. Ya manta rantsuwa tana da kaffara?

Suga bai yi musu da shi ba, ya ci gaba da aikinsa shiru. Ya fara ganin hayaƙi-hayaƙi, ya ce fitilar shago ce. Ya miƙa wa wata Hajiya kore a madadin shuɗi, ya ce wasa yake. Ranar da ya yabi shaddar jabu a gaban dillalai, suka kalli juna, babu wanda ya ƙara kiransa. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙananan hanyoyin jinin idon sun fashe. Su ɗin dai da yake cika baki shayin ya gyara.

Yana nan a Fagge. Ƙafafu sumul kamar na saurayi, amma sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci.

Ya 'yan uwa, hatsin nan ba shi da laifi, abin da aka halicce shi ya yi ya yi. Ni ma ina sha. Na binne sa'o'ina kaf, har yau ina hawa benen Kwari ba na tsayawa haki, shayina a dama, ƙwayata a hagu. Ka yabi ni'ima gwargwadonta, kar ka rantse a kan abin da ba ka sani ba. In kuwa baki ya riga ka, ka yi kaffara ka sha dariyar mutane. Dariya tana wucewa kafin magariba, ido ba ya dawowa.

Allah ya kiyaye mu daga harshenmu, ya bar mu da ganinmu har ranar da za a rufe mana ido. Amin.