Keken Ɗinkin Malam Sabo

Akwai wani dattijo a Nyanya, Malam Sabo tela, mutumin Zariya. Shekara da shekaru yana ɗinki a kasuwar Garki, har tsufa ya zaunar da shi. Sai ciwon mantuwa ya kama shi, irin wanda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Da farko makulli yake mantawa, daga baya hanyar masallaci, a ƙarshe har sunayen 'ya'yan cikinsa.

'Yarsa Rabi'atu ce ke jinyarsa. Babban ɗansa Tawfiq kuwa ma'aikaci ne a cikin gari. Sai ranar Asabar yake leƙowa, ya ajiye ledar lemo, ya zuba umarni, ya kama gabansa. Kun dai san irinsu.

Ana fama da wannan sai ga wata. Da zarar la'asar ta yi, ƙafafun Malam sai su ƙi zama. Ya miƙe su, ya naɗe, ya buga ƙasa, ya tashi ya zagaya tsakar gida, ya zauna, ya sake zabura. In an tambaye shi sai ya ce tururuwa ke yawo cikin ƙashinsa. Rannan garin zagayen ya faɗi ya fasa goshi.

Asabar na zuwa sai ga Tawfiq da sabuwar igiya. Wai a riƙa ɗaure ƙafafun a jikin gado, in kuma ba haka ba, zai kai shi ƙauye wajen wani mai sa wa masu taɓin hankali marin ƙarfe a ƙafa.

"Wannan ba Baba ba ne, Rabi," in ji shi. "Baba ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage."

Ran Rabi'atu ya ɓaci ƙwarai. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce, "Yaya, ina ganin girmanka. Amma ƙafar da ta taka keke har ka zama oga, wallahi igiya ba za ta taɓa ta ba ina numfashi."

Ya ce to, ya ba ta zuwa Asabar mai zuwa, zai dawo da mota. Nan fa dangi suka dame ta da waya, wannan ya ce ba ta da kunya, wancan ya ce taurin kai zai kashe ta. Ko a jikinta.

Ta ɗauki mahaifinta zuwa asibiti a Gwagwalada. Likita ya ce ba iska ba ce, ba hauka ba ne, ciwo ne sananne, motsi ke lafar da shi, ɗauri kuwa azaba ce tsagwaronta. Ya auna jininsa, ya ba da magani, ya ce a samo masa motsin da zai yi daga zaune don kada ya sake faɗuwa.

To, a nan gizo ke saƙar. Mutumin da ke manta magana kafin ka rufe baki, ta yaya za ka koya masa motsa jiki? Ta gwada gashi da ruwan ɗumi, ta gwada tausa. Ya ɗan lafa, can kuma ya zabura.

Ranar Alhamis da yamma tana zaune a ƙasa, ta gaji tikis, ta zuba wa ƙafafun ido. Yatsu su sauka, dunduniya ta tashi. Dunduniya ta sauka, yatsu su tashi. Nan take ta gane. Ai ta san wannan takun tun tana yarinya.

Ta jawo tsohon kekensa daga bayan kaya, ta kakkaɓe ƙura, ta zuba masa mai, ta cire allurar don kada ya soke yatsa. Ta zaunar da shi, ta miƙa masa ƙyallen atamfa. Ba wanda ya ce masa komai, ƙafafun da kansu suka nemi matakin. Ya yi ta takawa har aka kira magariba, bai tashi ba. Ciwon bai warke ba, kada in yi muku ƙarya, amma ya samu wurin sauka.

Ranar Asabar Tawfiq ya iso da motarsa. Tun daga zaure ya ji ƙarar keke, ya tsaya turus a bakin ƙofa. Malam ya ɗago kai, ya ƙare masa kallo, idonsa ya tsaya kan aljihun kaftaninsa da ya ɗan ɓarke.

"Tawfiq, haka kake yawo da aljihu a yage, ubanka tela? Cire ka kawo."

Rabon da ya ambaci sunan nan tun sallar bara. Tawfiq ya cire rigar, ya durƙusa ya miƙa. Malam ya bi da aljihun a kan keken da ba allura, ya kakkaɓe, ya ce ga shi nan. Ƙaton mutum sai ga shi yana kuka kamar yaro, yana neman gafarar ƙanwarsa.

Motar ta koma ba kowa a baya. Igiyar kuwa Rabi'atu ta ɗaure ta a tsakar gida tana shanya a kai. Kaftanin nan har yau aljihunsa a yage yake, Tawfiq ya hana kowane tela taɓa shi.

Darasi: Iyayenmu ko sun manta sunanmu, suna nan, ba su tafi ba. Kada ka ɗaure ciwon da ba ka fahimta ba, kai shi asibiti, ka kuma tsaya wa mai rauni ko da dangi duka sun juya maka baya. Ku tura wa duk wanda ke jinyar tsoho a gida, ya san ba shi kaɗai ba ne.