Wasiƙar Matar Kafinta

Akwai wani injiniyan kwamfuta a wani ƙaramin asibiti, ma'aikata suna kiransa Na-Sani, don kafin ka kai ƙarshen magana ya riga ya ce maka "na sani". Aikin kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kunne ne dai ba shi da shi.

A wani ɗaki mai sanyi kusa da ɗakin magani akwai na'urar da suke kira saba. Duk imel ɗin da zai fita daga asibitin ta cikinta yake bi. Ita kuma ba ta aikawa kai tsaye, sai ta miƙa wa sabar wani kamfani da kowa ya sani ya kuma yarda da ita, wannan ce ke kai saƙo inda za shi. Haka tsohon injiniya ya tsara kafin ya yi ritaya.

Ranar Litinin Na-Sani ya duba tsarin ya taɓe baki. "Muna da ƙafa, me zai sa mu riƙa bi ta hannun ɗan aike?" Ya goge hanyar kamfanin, ya ce saba ta riƙa aikawa da kanta. Ya gwada, ya tura wa kansa saƙo, nan take ya shigo. Bai tsaya ya tuna cewa saƙo daga kansa zuwa kansa bai ma fita daga ginin ba.

A wannan Litinin ɗin likita ya duba matar wani kafinta, ya ce zuciyarta na bukatar aikin da sai babban asibiti, tafiyar wuni guda. Can kuwa ba sa karɓar mara lafiya sai takardunsa da hotunansa sun iso ta adireshin asibitin da ya turo shi, sannan su ba da gado. Anti Mai Rajista, dattijuwar da ta shekara ashirin a kan teburin nan, ta haɗa komai ta tura. Allo ya nuna an aika.

Talata da safe kafinta ya tsaya a bakin tagarta, ƙurar katako a hannun rigarsa.

"Anti, ina kwana. Sun amsa?"

"Tukuna dai. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Sai dai ba ta iya kwanciya, a zaune take numfashi."

Anti ta duba akwatin saƙo. Ba babban asibiti kaɗai ba, masu kawo magani ma da ba sa wuce awa ɗaya ba su amsa ba, shiru. Ta kira babban asibiti a waya, suka ce ba su ga komai ba, ta sake turowa. Ta sake.

Laraba ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin sanyi.

"Injiniya, tun Litinin babu wanda ya amsa mana daga waje. Ko za ka..."

"Na sani. Allonki me ya ce?"

"Ya ce an aika."

"To, an aika. Matsalarsu ce."

"Ɗana, shekara ashirin ban taɓa ganin irin wannan shirun ba. Don Allah ka leƙa kawai."

Ya yi dariya, ya ce da ma'aikaciyar jinyar da ke wucewa, "Kin ji, yau Anti za ta koya mini saba." Anti ta koma teburinta. Wallahi wannan dariyar ta fi komai ƙona mini rai a labarin nan.

Alhamis kafinta ya zo, bai ma yi tambaya ba, fuskar Anti kawai ya kalla ya juya. Ta tura karo na huɗu. Asibiti na ta hidimarsa, firinta na aiki, ana kiran suna ana shiga, akwatin saƙo kuwa ko motsi.

Juma'a kafinta bai zo ba.

Anti ta jira har ƙarfe goma, tana ɗaga kai duk wanda ya gifta ta taga. Daga nan ta ɗauki kujerarta ta shiga ɗakin sanyi, ta dasa ta kusa da Na-Sani ta zauna.

"Ba zan tashi ba sai ka buɗe mini cikin abin nan na gani da idona."

Don ya rabu da ita, ya buɗe layin saƙonnin da ke jiran fita. Allo ya cika. Ya ja ƙasa, bai ƙare ba. Saƙo ɗari da goma sha bakwai, kowanne da rubutu iri ɗaya a gefensa: an ƙi karɓa, ba a san mai aikowa ba. Sabobin waje ba su san ta asibitin ba, suka rufe mata ƙofa. Sunan matar kafinta sau huɗu a ciki.

Nan take ya mayar da tsohuwar hanya. Layi ya fara raguwa. Ba a yi rabin awa ba amsa ta shigo daga babban asibiti: akwai gado, a kawo ta yau, kada a jinkirta.

Anti ta danna lambar kafinta, ta miƙa wa Na-Sani wayar.

"Kai za ka faɗa masa."

Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. A bayan muryar ana jin hayaniyar mutane ƙasa-ƙasa.

"Malam, daga asibiti ne. An samu gado, a kawo ta yau."

Sai kafinta ya ce, "Allah Sarki. Ai ta rasu jiya da yamma, yanzu muka dawo daga kai ta. Ku gaya wa Anti na gode. Na san kun yi iya ƙoƙarinku."

Na-Sani ya sauke wayar daga kunnensa, ya ƙura wa allo ido. Kafinta ya yi ta cewa "Hello? Kuna ji na?" har layin ya katse.

Darasi: Idan wanda ya daɗe a wuri ya ce maka wani abu ba daidai ba ne, tashi ka duba kafin ka yi masa dariya. Kuma in ka gyara abu, kada ka gwada shi a kanka kaɗai, ka tabbatar ya isa ga wanda ke jira. Ku tura wa duk wanda aikin mutane ke bi ta hannunsa.