Akwatin Kyauta na Alhaji Ɗanmusa

Akwai wani tela a Rawayau ta ƙasar Kurfi, ana ce masa Sodangi. Wajen 1984 ake maganar nan, lokacin da yawancinku ko suna ba a raɗa muku ba, amma da an yi magana ku ce kun fi kowa sani.

Sodangi ya iya ɗinki, wannan ba musu. Matsalarsa ɗaya ce. Shekara biyu ya yi a ajin yaƙi da jahilci, tun daga nan ya ɗauka duk ƙasar Kurfi babu mai wayonsa. Biro uku yake jerawa a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu.

Yana da ƙane mai suna Hudu, wanda ya samu aikin tuƙin babbar mota a Ikko, wato Legas. Ranar tafiya mahaifiyarsu, Inna, ta riƙe hannun Hudu ta ce lallai ya riƙa aiko wasiƙa. Inna tsohuwa ce mai hawan jini. Malamin asibiti ya riga ya ja musu kunne cewa kada a kuskura a jefa mata mummunan labari kai tsaye.

A zamanin, wasiƙa ba ta isa ƙauye. Sai kana da akwati a gidan waya na Dutsin-Ma, ko ka raɓa da mai akwati a riƙa rubuto maka ta hannunsa. Mutum biyu mutanen Rawayau suke raɓa da su.

Na farko Kefas, mutumin kudancin Zariya, mai gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Sodangi ya fara zuwa wurinsa.

"Malam Sodangi, ga yadda nake yi," in ji Kefas. "Za ka riƙa taimakawa da ɗan wani abu na hayar akwati. Wasiƙa in ta zo, kai za ka zo da ƙafarka ranar kasuwa ka karɓa. Ba na ba kowa saƙon wani, ko matarsa ce."

"Ni zan taho tun daga Rawayau a kan keke? Kuma in biya?" Sodangi ya yi dariya. "Halan ba ka ji Alhaji Ɗanmusa kyauta yake yi ba? Har ƙofar gida motarshi ke kawowa."

Kefas bai ɗago daga agogon da yake gyarawa ba. Ya ce, "Na ji. Ka tambaye shi mi yake samu a ciki."

"Lada yake samu! Kai dai ka ce kana baƙin ciki."

Sodangi ya karkaɗe riga ya fita. Ranar duk wanda ya gamu da shi a kasuwa sai da ya ji labarin yadda mai gyaran agogo ya so ya yi masa wayo, bai san da wanda yake magana ba.

Na biyun, Alhaji Ɗanmusa, dillalin hatsi ne, yana kuma sayar da duk abin da ƙauye ke nema, daga kwanon rufi har dabbobi. Yana da motar a-kori-kura mai shiga Rawayau sau biyu a mako. Da hannu biyu ya karɓi Sodangi.

"Haba tela, mene ne amfanin akwati in bai amfani jama'a ba? Ka ba Hudu lambar kawai."

Wasiƙu suka fara zuwa a kan lokaci. Hudu bai iya rubutu ba, duk wanda ya samu shi ke rubuta masa, amma labari yana isowa.

Sai wani abin mamaki ya fara faruwa. Hudu ya rubuto cewa yana so a rufe wa Inna ɗaki da kwano kafin damina. Motar da ta kawo wasiƙar, a bayanta akwai kwano, kuma daidai na ɗaki ɗaya. Alhaji ya ce, "Haka kawai na ji a raina wani zai buƙata."

Bayan wata huɗu Hudu ya rubuto cewa matarsa ta sauka, yana so a yanka ragon suna a gida. Kafin Sodangi ya gama karantawa ya ji kukan rago a ƙofar gida.

Kun san me Sodangi ya ce? Cewa ya yi, "Mutumin nan yana da buɗin ido. Kuma ya san manyan mutane, shi ya sa yake lura da buƙatata."

Matarsa Rahmatu ita ke adana wasiƙun a cikin kwalla. Wata rana ta juya ambulan a hannunta ta ce, "Malam, mutanen Ikko da ƙaro suke liƙe takarda? Dubi bakinta, duk ya yamutse."

"Ke kin taɓa zuwa Ikko? Ƙasar ruwa ce, komai nasu a jiƙe yake. Bar harkar boko ga masu ita."

Rahmatu ta mai da murfin kwalla.

Wata Talata da hantsi Alhaji ya kawo wasiƙa da kansa har shagon ɗinki. Bai tafi ba, ya ja benci ya zauna.

Sodangi ya buɗe. Ya fara karantawa a zuci. Hudu ya yi haɗari. Yana asibiti a Ikko, an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. A ƙarshe aka rubuta: "Yaya, amana na ba ka. Kada Inna ta ji, sai na iya tsayuwa na zo da kaina ta gan ni da rai."

"Allah ya ba Hudu lafiya," in ji Alhaji.

Sodangi ya ɗago. Ko kalma ɗaya daga cikin wasiƙar bai furta ba tukuna.

"Direbobi ne, ka san bakinsu," Alhaji ya faɗa yana gyara hula. "To tela, maganar gaskiya, mai ƙafa ɗaya ba ya noman fadama. Fadamar Hudu ta gefen rafi, kai ne babba, ka sa hannu ka sallama mani ita. Ni mai rufin asiri ne. Amma Hajiyata ba ta iya riƙe magana, ga ta da son zuwa gaida Inna. Da wannan ciwo na tsohuwa, ba na so ta ji a bakin da bai dace ba. Ka yi shawara zuwa bayan Sallah."

Jama'a, ku ji rashin kunya! Mutum yana kwance da ƙafa ɗaya, wani yana auna gonarsa da ran uwarsa.

Sodangi ya rufe shago ya shiga gida. Ya ce Rahmatu ta juye masa kwallar nan. Ya ɗauki ambulan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a rana. Shi da ya shekara ashirin yana guga, ya san abin da tururi ke yi wa abu. Kowace an kara ta a bakin butar shayi an buɗe, sannan an mai da ita da ƙaro. Kowace, tun ta farko.

"Ashe ba ruwan Ikko ba ne," in ji Rahmatu.

Sodangi ya tuna kwano, ya tuna rago, ya tuna yadda ya yi ta godiya har da durƙusawa. Abin da ya fi ƙona masa rai, da bakinsa ya ba Hudu lambar akwatin.

Ranar kasuwa ya hau keke sai rumfar Kefas. Ya daɗe a tsaye kafin ya iya yin sallama. Ya kwashe komai ya faɗa masa.

"Yanzu ka ji mi yake samu," in ji Kefas. Iyakar gorin da ya yi masa ke nan. Ya tura masa kujera. "Malam Sodangi, in ka ba shi gonar, gobe wani abu zai nema, don maganar tana hannunshi har yanzu. Ni a ganina ka riga shi zuwa wurin Inna. Gara ta ji a bakin ɗanta, a hankali."

"Hudu ya ce amana."

"Amanar an buɗe ta a bakin buta tun kafin ta iso gare ka. Ka rubuta mashi ka faɗa mashi gaskiya. Ga lambar akwatina."

Sodangi ya rubuta wa Hudu, ya nemi gafararsa. Da ya gama sai ya sake ɗaukar biron nan ɗaya mai rubutu, ya nemi wata takardar. Ya karkata hannu ya canza rubutu, ya rubuta wa kansa wasiƙa da sunan Hudu: "Yaya, an mai da ni asibitin Ibadan, ɗaki na tara." A bayan ambulan ya sa lambar akwatin Alhaji.

"Wannan kuma ta mece ce?" in ji Kefas.

"Ƙugiya ce."

"To ni agogo nake gyarawa, ban ga komai ba."

Sodangi ya ba wani direban goro mai tafiya kudu, ya roƙe shi ya jefa ta a gidan waya na Ibadan don hatimin can ya hau kanta.

Saura mai wuyar. Washegari bayan azahar ya sa Rahmatu ta ba Inna maganinta, ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, Hudu yana da rai, yana ci yana sha, yana magana. Ki fara riƙe wannan."

Inna ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Tela, faɗi abin da ke bakinka."

Ya faɗa, kaɗan-kaɗan. Sau uku tana tambaya, "Yana da rai?" Sau uku yana rantsuwa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba, Sodangi yana zaune a bakin ƙofarta ko keken ɗinki bai taɓa ba. Rana ta uku ta nemi fura. Ta sha, ta ce, "Ƙafa ce ta tafi, ɗana yana nan. Alhamdu lillahi."

Sai ya gaya mata maganar Alhaji da fadama. Inna ta ajiye ludayi.

"Da raina yake ciniki? To bar mani shi."

Bayan mako uku wasiƙar Ibadan ta iso a motar Alhaji, bakinta a yamutse, tana warin ƙaro.

Juma'ar bayan Sallah Sodangi ya sa aka toya waina, ya gayyaci maƙwabta sadaka bayan la'asar. Bai gayyaci kowa ba sai masu karɓar wasiƙa ta akwatin Alhaji. Da safe kuma ya tare Alhaji ya ce masa, "Fadama ba ta sayarwa ba ce. In kana da magana, Inna tana zaure da yamma."

Alhaji ya ɗauka cika baki ne. Ya ce a ransa bari ya koya wa telan nan hankali. Bai ma aiko Hajiya ba, da kansa ya zo. Ya tarar da zaure cike, Inna tana gefe a kan tabarma da carbi.

"Inna, jaje na zo yi," ya faɗa da murya mai taushi. "Ashe abin da ya samu Hudu ke nan? Ƙafa guda! Na ɗauka an gaya maki."

Inna ta ci gaba da jan carbi.

"Allah sarki, Alhaji. Yana ina yanzu?"

Alhaji ya ɗan yi turus, don ya zaci faɗuwa za ta yi. Sai ya ƙara wuta. "Abin ya yi tsanani, har an mai da shi Ibadan. Ɗaki na tara."

"Wa ya faɗa maka?"

"Direbobi."

Sodangi ya miƙe, ya ciro ambulan ya ɗaga sama.

"Jama'a, Hudu bai taɓa taka Ibadan ba, yana Ikko. Ibadan ɗin nan ni na ƙirƙire ta a rumfar Kefas, da biron nan. Duk duniya ba wanda ya san ɗaki na tara sai ni da na rubuta, sai wanda ya kara takardata a bakin buta. Alhaji, wane direba ne?"



Wani tsoho ya zabura. "To shi ya sa! Ranar da ɗiyata ta rubuto za ta zo wankan jego, ranar ka kawo mani itace har gida!"

"Ni kuma maganar rabon gadonmu," in ji wani, "a bakin mai shayi na tsince ta!"

Zaure ya kaure. Inna ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Alhaji, ɗana ƙafa ɗaya ya rasa, kuma ba da son ranshi ba. Kai da ƙafa biyu ka tako ka zo ka kashe tsohuwa saboda fadama. Tashi ka fita da su tun suna ɗaukarka."

Ya fita, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Ranar kasuwar da ta biyo, kekuna tara aka jingine a rumfar Kefas, duk daga Rawayau. Kefas ya miƙa wa Sodangi amsar Hudu. Sodangi ya juya ta, ya duba bakinta, ya shinshina. A liƙe take kamar yadda ta baro Ikko.

A ciki Hudu ya ce ya yafe, kuma a gaya wa Inna yana tafe da kaka, a kan sanda.

Sodangi ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ciro birukan nan biyu marasa rubutu ya ajiye wa Kefas a kan tebur.

"Ko za su gyaru?"

"A'a," in ji Kefas. "Amma mai su ya gyaru."

Darasi: Duk wanda saƙonka zai bi ta hannunsa, ka san halinsa kafin ka dubi sauƙinsa da saurinsa. Yau ba butar shayi, amma kafin ka zaɓi kamfanin da zai ja maka intanet, ko ka hau na kyauta, tambayi abin da Kefas ya tambaya: me yake samu, me yake gani, wa yake gaya wa? In ka yi zancen rago a waya ka ga tallan rago ya biyo ka, kada ka ce buɗin ido ne. Ni dai na ɓata yatsuna na rubuto muku, na kuma san halinku, ku karance tas ku wuce ko sannu babu. To wannan karon ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai biro uku na gidanku.