Ranar da Mai Kwalba Ya Tura Ƙanensa Hayin Rafi

Akwai wani mai duba dabbobi a wani ƙauye da kowa ke kira Mai Kwalba, saboda tsohuwar kwalbar man ɗura wa dabbobi da ba ta rabuwa da aljihunsa. Shekara ashirin da 'yan kai, duk wanda saniyarsa ta kwanta ko tunkiyarsa ta ƙi kiwo, ƙofarsa yake bugawa. Mutumin ya iya aikinsa, wannan kam ba a ja.

Sai ƙanensa, wanda shi ya raina da hannunsa, ya je birni ya yi shekara biyu yana koyon lafiyar dabbobi. Ya dawo da babur da baƙar jaka. A cikin jakar akwai allurai, akwai kuma wani bututun ƙarfe mai tsini da ake sokawa a gefen saniyar da cikinta ya kumbura, iskar ta fice nan take.

Ba a yi wata uku ba mutane suka laƙaba masa Likita. Gidansu ɗaya, ƙofarsu ɗaya. Sai mutum ya yi sallama, ya gaida Mai Kwalba har da rusunawa, sannan ya ce, "Likita yana ciki?"

Jama'a, kada wani ya ce muku maza ba sa kishi. Wannan tambayar kullum sai ta soki Mai Kwalba a ƙahon zuciya.

"Yaron da na share wa majina," yake ce wa matarsa, "yau shi ne Likita, ni kuma na zama mai gadin ƙofarsa."

"Ai abin alfaharinka ne, Malam."

"Ke dai ci gaba da wankinki."

Duk abin da Mai Kwalba ya mallaka a duniya jar saniya ce guda ɗaya, mai tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ita ce nonon yaransa, ita yake kallo ya ji daɗi in duniya ta yi masa zafi.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, yana tsaye a ƙofar gida da damin ɗanyen ganyen wake da ya yanko wa saniyar, sai wani mai keke ya tsaya. Ya ce akuyar surukarsa a hayin rafi tana ɗingishi, in Likita ya sami sarari ya leƙa, ko gobe ko jibi, ba gaggawa.

Mai keke bai ɓace ba sai ga wani makiyayi a guje, yana haki.

"Shanuna shida sun faɗa gonar wake da asuba. Cikinsu ya kumbura, biyu har sun kwanta. Ina Likita?"

Shanu shida, kuma rabin gari zai taru a wurin. Mai Kwalba ya ga wannan ba damar da zai bar wa ƙanensa ba ce. Ya ce wa makiyayin, "Yi gaba, ga mu nan."

Ya shiga ya tarar da ƙanensa yana wanke fuska.

"Maza ɗauki jakarka. Akuya ce a hayin rafi, haihuwa ta zo mata a karkace, ɗan ya maƙale. Sun ce in ba a yi sauri ba za ta tafi."

"To, Yaya." Ko tambaya ɗaya bai yi ba. Ya rataya jaka, ya tada babur.

Mai Kwalba ya juya zai fita, sai ya tuna da damin da ke hannunsa. Shi ne mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa jama'a faɗa a kan jiƙaƙƙen ganyen wake: a baza shi a rana ya sha iska tukuna, kada a ba dabba da ruwa a jikinsa. Amma bazawa na cin lokaci, shi kuma yana tsoron kada wani ya kira Likita a waya kafin ya isa. Ya watsa wa jar saniyar damin gaba ɗaya, ya cika kwalbarsa, ya ɗauki galan ɗin mai, ya fice.

A wurin makiyayi kuwa ya nuna shi tsohon hannu ne. Ya sa aka tada shanun, aka ɗaura musu sanda a baki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗura mai, ana zagayawa da su. Kafin rana ta yi tsaka duk shidan sun saki iska, sun fara tuƙa.

"Kai, tsohon hannu daban ne," in ji wani dattijo.

Maganar ta yi wa Mai Kwalba daɗi har cikin ƙashi. Yana cikin wanke hannu aka zo aka ce jakin mai ɗiban ruwa ya zame a taɓo, kwanon rufi ya yanke shi a cinya. Ya je ya ɗaure. Daga nan wata tsohuwa ta ja shi ya duba ragonta da ke tari. Ko'ina ya je sai ya ɗan daɗe, don a gan shi da kyau. Sama ta sake haɗuwa, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ko a jikinsa.

A rumfar tsohuwar nan ce matarsa ta same shi, zaninta sharkaf.

"Malam, tun ɗazu nake nemanka. Saniya ta kumbura."

Bai san lokacin da ya kai gida ba. Jar saniyar tana tsaye ƙafafu a ware, harshe waje, gefen hagunta ya tashi tim kamar tulu. Ya laluba kwalba, ba ko ɗigo. Galan ma ya ƙare a kan shanun mutane. Matarsa ta kawo ɗan man girkinta, ya ɗura, saniyar ta kasa haɗiyewa.

Kallo ɗaya ya yi mata ya san wannan ta wuce mai. Bututun nan kaɗai zai cece ta, bututun kuma yana cikin baƙar jaka, a hayin rafi, inda shi da bakinsa ya tura shi.

"Kira ƙanenka," in ji matar.

Maƙwabta sun fara taruwa a bakin garke, cikinsu har da dattijon da ya yabe shi ɗazu. Mai Kwalba ya dube su.

"Ba na bukatar kowa. Kawo sanda."

Ya ɗaura mata sanda a baki. Ya danna cikin, ya ja ta don ta taka, ta ƙi. Ya zaro wuƙa ya ɗora a gefenta, sai ya kasa sokawa, don bai taɓa huda saniya ba, kuma girman kai bai taɓa barinsa ya tsaya ya ga yadda ƙanensa ke yi ba. Haka ya ɓata kusan rabin awa. Matar ta gaji, ta shige ɗaki ta kira Likita a waya da kanta.

Ashe rafi ya kawo, shi ya tsare shi tun hantsi. Ya bar babur a can, ya ɗora jaka a ka, ya ratso ruwa har ƙirji, sauran hanyar ya yi ta da gudu. Ya shigo gida ba takalmi, ya tarar saniyar ta faɗi, idonta ya juye.

Ya durƙusa ya taɓa wuyanta, ya ɗago.

"Yaya, ba za ta tashi ba. Yanka ta yanzu, ni in ciro na cikin."

Mai Kwalba ya yanka saniyarsa da hannunsa, hawaye na zuba. Ƙanen ya farka cikin, ya jawo ɗan maraƙi, ya share masa hanci, ya yi ta murza shi da buhu har ya yi atishawa.

Da mutane suka watse, suka rage su biyu a garke. Mai Kwalba ya kasa ɗaga kai.

"Akuyar nan..." ya fara.

"Ƙaya ce a kofatonta, Yaya. Na cire."

"Ka san ƙarya na yi maka?"

"Tun da na gan ta tana cin dusa na sani. Da ka ce mini kana son zuwa wurin shanun kai kaɗai, wallahi da na ba ka jakar ma. Wa ya fara koya mini kama saniya in ba kai ba?"

Mai Kwalba ya dubi saniyar da ke kwance. Can ya yi tambayar da ke cin sa.

"Da tun da na shigo na kira ka, da ta rayu?"

Ƙanen ya ci gaba da murza ɗan maraƙin, kamar bai ji ba. Yayan ya sake tambaya.

"Da ta rayu, Yaya."

Darasi: Mai kishin ɗan'uwansa yana ganin shi yake turewa gefe, alhali taimakon da zai nema anjima yake korewa daga ƙofarsa. In naka ya fi ka sanin wani abu, ka kira shi tun da sauran lokaci, ka kuma tsaya ka koya. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda ke riƙe da waya yanzu haka, girman kai ya hana shi kira.